Kwana shida tsakanin Ramallah da Birzeit

Shekaranjiya na sauka Kano, har yanzu ƙamshin za'atar, wani garin kayan ƙamshi da ake ci da burodi, bai bar jakata ba. Taron malaman jami'a ne ya kai ni garin Birzeit da ke kusa da Ramallah a Falasɗinu, ta hanyar Amman, babban birnin Jodan. A kan iyaka wani jami'i ya riƙe mini fasfo kusan awa huɗu, ya tambayi sunan kakana sau uku, ko kallon arziki bai yi mini ba. Raina ya ɓaci sosai, sai da wata dattijuwa ta miƙo mini dabino ta ce, "Yi haƙuri ɗana, mu kullum haka muke sha."

Jami'ar Birzeit asalinta makarantar 'yan mata ce da Nabiha Nasir ta buɗe a 1924, ta zama jami'a a 1975. Na shiga ajin injiniya: littafi na Turanci, rubutun allo Turanci, amma da gardama ta yi zafi sai kowa ya koma Larabci, har malamin. Babu mai jin kunyar harshensa. Na tuna yadda a wajenmu ɗalibi zai yi tambaya da Hausa a yi masa dariya, abin ya tsaya mini a rai.

Mai masaukina, wanda ya yi digirinsa na uku a Amurka, ya tara mini iyalinsa a kan tire guda na maƙluba, wato shinkafa da nama da kayan lambu, ya hana ni taɓa aljihu har na tafi. Shi ya ce mini hannun baƙi a iliminsu ba yau ya fara ba. Makarantar Friends ta Ramallah Kiristocin Amurka suka kafa ta tun 1869. Damuwarsa ita ce kuɗin bincike: mai bayar da tallafi daga Turai shi ke zaɓar abin da za a bincika, ɗalibai masu hazaƙa kuma suna gamawa sai neman biza. Na ce masa, "Malam, ai ciwonmu ɗaya."

Ramallah akwai tsada! Kofi a shagunan zamani da ke kusa da dandalin Manara shekel 15 (shekel shi ne kuɗin da ake kashewa a can), wanda mai tallar bakin titi ya ba ni a shekel 2, kuma nasa ya fi daɗi. Direbobi ma har kalmomin Ibrananci suke sakawa, shingen sojoji "mahsom" suke ce masa.

Na leƙa Jami'ar Baitalami, wadda 'yan Katolika suka kafa a 1973, na tarar yawancin ɗalibanta Musulmi ne. A garin Nablus kunafa, wani abin zaƙi mai cuku, kawai na tsaya ci. Ranar Juma'a na yi salla a Masallacin Ƙudus, washegari na kama hanyar Amman.