Ƙugiyar harafin ƙ a babbar manhajar da na rubuta

Sati uku na kwashe ina rubuta tawa babbar manhajar, wato irin su Windows da Linux masu tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya, kafin kwamfutar ta nuna min kalma ɗaya tak. Abin da BIOS, ƙaramin shirin da ke fara aiki idan an kunna kwamfuta, ke nema bai taka kara ya karya ba: bayit 512 na farkon faifai, biyun ƙarshe su zama 55 da AA. Da ya same su sai ya ɗora su a adireshin 7C00 na ƙwaƙwalwa, ya sakar maka ragama. Daga nan kai da halinka. Da na kuskure wajen shirya teburin GDT, mai bayyana yadda aka rarraba ƙwaƙwalwar kwamfuta, na'urar ta dinga mutuwa tana tashi ba tare da ta ce min uffan ba. Kwana biyu ina lalube, ashe lamba ɗaya na juya.

Yayana, mai gyaran waya, ya leƙo wani dare ya ce, "Kai yanzu, ga Linux kyauta, ga Windows a kowace kwamfuta. Wa zai yi amfani da taka?"

Na ce, "Babu kowa, Yaya."

Gaskiyar ke nan. An sha ba da labarin Linus Torvalds, mai Linux, wanda a 1991 yana ɗalibi a Helsinki ya ce tasa ta sha'awa ce kawai. Ni ban yaudari kaina da wannan ba. Tawa ba ta san intanet ba, ba ta san USB ba, kuma ba ranar sani.

Inda aikin ya biya ni shi ne wajen haruffa. Fuskar rubutu ta VGA, tsohon tsarin nuna abubuwa a fuskar kwamfuta, layi 25 ce, kowane layi gurbi 80, kowane gurbi bayit biyu: ɗaya na harafi, ɗaya na launi. Haruffan da ke ciki 256 ne, gadon IBM, kuma babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Sai na gano cewa kowane harafi zane ne na ɗigo takwas a kwance, goma sha shida a tsaye. Na ɗauko littafin lissafi mai gida-gida na zana namu, na mayar da su lambobi, na kori wasu alamomin da ba na buƙata na zaunar da su a gurbinsu. A nan ne kuma na fahimci madannai ba harafi suke aikowa ba, lambar maɓalli ce, kai ke yanke abin da take nufi. Shekaru ina rubuta manhaja ban san haka ba.

Da yau zan fara, xv6, babbar manhajar koyarwa ta jami'ar MIT, zan fara karantawa, kuma a QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta, zan riƙa gwaji, ba a tsohuwar kwamfutata da na wahalar ba.

Ranar da na rubuta "ƙarfe" na kira Yaya. Ya sunkuya ya ƙura wa fuskar ido, can ya ce ƙugiyar ta yi tsawo, in rage mata ɗigo ɗaya.