Kafin ka sayi filat a tsofaffin benayen Garki, ka nemi mai famfo tukuna

Sana'ata aikin famfo, ni da yarana, kuma gaskiya yawancin abincinmu a cikin tsofaffin benayen gwamnati yake, na Garki daga Area 1 har Area 11 da na Wuse Zone, irin waɗanda aka fara gina wa ma'aikata tun kafin Babangida ya tare a Abuja a Disambar 1991. Ginin ba laifi, bango mai kauri, ɗakuna da faɗi, sai ka sha wuya kafin ƙusa ta shige shi. Shi ya sa ba na mamaki in wani ya kira ni ya ce Malam na samu filat a Area 2 zan saya in zuba 'yan haya, me ka gani.

Wanda ya saya lokacin da aka fara sayarwa ya ci riba, wannan ba gardama. Obasanjo ne ya kawo tsarin nan a 2003 na a daina ba ma'aikaci gida a riƙa ba shi kuɗi, daga 2005 kuma lokacin El-Rufai yana minista aka shiga sayar da gidajen, akasari ga waɗanda ke ciki. Kuma haya a nan ba ta kwantai, duk wanda ya taɓa kwana a gosulon Nyanya da Mararraba ko ya taso daga Suleja da asuba don ya kama ofis ya san darajar ɗaki a kusa da sakatariya. Amma ga abin da dillali ba zai faɗa maka ba. A da bene ɗaya mai shi ɗaya ne, gwamnati. Yanzu bene ɗaya masu shi shida ko takwas, kowa filat ɗinsa kawai ya sani, shi kuwa bututun da ya ratso tun daga sama har ƙasa yana ɗauke da ruwan bayin kowa, ba shi da uba. Haka tankin sama, haka sokawe, haka rufi.

Akwai wata Hajiya a hawan ƙasa da silin bayinta ya yi baƙi yana ɗiga, ta yi fenti kan fenti ya ƙi. Na hau na duba na ce Hajiya ciwon ba a gidanki yake ba, tarkon ruwan bayin na sama ne ya tsage, wato lanƙwasasshen bututun da ke ƙarƙashin magudanarsa, sai an fasa tayil ɗinsu. Na sama ɗan haya ne ya ce shi ba gidansa ba ne, mai gidan yana Kaduna ya ce a waya ai shi ba ya ganin ruwa a nasa, ƙarshe Hajiya ce ta biya kuɗin gyaran bayin da ba ta taɓa shiga ba. To ka ga irin zaman. Na ƙasa shi ke shan ambaliya in sokawe ta cika, na can sama shi ke shan zafin rana da yoyon damina, kuma ba lif, ranar da ruwan famfo na madatsar Usuma bai zo da ƙarfi ba sai 'yan garuwa, su ma kowane hawa da kuɗinsa.

Yawancin benayen nan da bututun ƙarfe aka yi musu aikin ruwa, shi kuwa daga ciki yake ruɓewa. A waje sumul, in na yanka in nuna wa mai gida sai ya ga tsatsa ta cika shi ja wur, ramin da ya rage ko biro ba zai shiga ba, shi ne dalilin da famfon kicin ke tsiyaya kamar hawaye ko da tanki a cike yake. Ni a kan wannan ƙarfen na koyi aiki, a Sabon Garin Kano wajen maigidana Allah ya jiƙansa, lokacin da hannu muke yanka zaren ɗauri a bakin bututu da ƙarfen da ake kira dayis, ka ɗaure bututu a bais, wato abin matsewa, ka ɗiga baƙin mai ka yi ta juyi har tafin hannunka ya yi kanta. In zaren ya karkace ko kaɗan ba ya magana, zarto zai miƙo maka ka yanke ka sake. Shi ya koya min kafa kunne a bango da dare in gari ya yi shiru ka ji inda ruwa ke gudu, har yau ina yi yarana na min dariya, amma ban cika fasa bango a inda ba nan ba ne.

Yanzu PPR muke sawa, wannan koren roban da ake haɗawa da zafi. Injin sai ya kai digiri 260, ka tura ka riƙe ba murɗawa, in ka daɗe bakin ya narke ya toshe hanya daga ciki, in ka yi sauri ya saki bayan an rufe da siminti. Kuma mu ba ma rufe bango sai mun ɗaura injin gwaji mun matsa wa layin ruwa mun bar shi ya kwana, allurar injin ta sauka ko kaɗan to akwai magana.

A nan ne nake faɗa da mutane. Ka ba Alhaji lissafi ya ce haba Malam, ga wani yaro ya ce zai yi a rabin haka. Zai yi mana ranka ya daɗe, ya shiga kasuwar Dei-Dei ya kwaso bututu mai suna iri ɗaya da launi iri ɗaya amma ba kauri, ya haɗa elbo, wato mahaɗin kwana, na wani kamfani da bututun wani, ba gwaji ba komai a shafe da filasta a manna tayil mai tsada a kai. Wata shida ƙasan bango ya fara kumbura, lambar yaron a kashe. Sai a dawo mana, kuma a lokacin ma sai an yi ciniki, wai ai ɗan gyara ne. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kaya suka yi tashin gwauron zabi abin ya ƙaru, har masu shago wasu sai su nuna maka mai kyau su ɗaure maka jabu in ba ka tsaya a kai ba, shi ya sa ni da kaina nake zuwa sayayya, in yanki bakin bututu in ga kaurinsa kafin a loda.

Ban ce kar ka saya ba. Takardu wannan aikin lauyanka ne, ya je AGIS, ofishin bayanan filaye na Abuja, ya bincika. Nawa shi ne in hau sama in leƙa tanki, in buɗe famfon kowane bayi lokaci ɗaya in ga ƙarfin ruwa, in ɗaga murfin sokawe, in bi bayan ginin in ga inda bango ya yi kore. Sannan ka tambayi maƙwabta ko suna da ƙungiya da ake karo-karo duk wata, in suna da ita har da mai riƙe kuɗi to benen zai yi ƙarko, in ka ji ana cewa ai kowa tasa ta fisshe shi, ka rage kuɗin sake layin ruwa gaba ɗaya daga farashin kafin ka ce na saya. Muna zuwa dubawa ko ina a cikin gari har Kubwa da Karu, amma ka sa ejan ya nemo makullin saman bene tun kafin mu iso, kuma in da hali a bari sai damina, a watan Agusta ba fentin da ke iya rufa wa bango asiri.