Darasin Gaisuwa a Malabo

Daga Duwala muka tashi, kuma ba mu cika awa ɗaya a sama ba jirgi ya sauke mu a Malabo, birnin da ke tsibirin Bioko na ƙasar Gini Ikwatoriya, da yake tsibirin yana daf da gaɓar Kamaru. Ƙasar Gini Ikwatoriya ta sami 'yancin kai daga Sifaniya ranar 12 ga Oktoban 1968, kuma har yau da Sifaniyanci ake karatu da aikin ofis. Amma tun da kamfanonin man fetur na Amurka suka shigo a shekarun 1990, Turanci ya zama hanyar neman abinci ga direbobi da ma'aikatan otal.

Mai masaukina malamin Turanci ne da ke koyar da manya bayan an tashi daga aiki, ya kuma gayyace ni ajinsa. Bayan magariba wata mata mai aikin karɓar baƙi a otal ta shigo a makare, ta ɗan russuna ta ce, "Good night, profesor." Malamin ya ajiye alli, ya bayyana mata cikin ladabi cewa da wannan kalma Bature yake sallama idan zai tafi ko zai kwanta, mai shigowa kuwa "good evening" yake cewa. Ba sakaci ta yi ba, domin a Sifaniyancin da ta saba da shi "buenas noches" ita ce ta isowa, ita ce kuma ta rabuwa. Bahaushe ba ya shan wannan wahala, tunda ya riga ya raba "barka da yamma" da "sai da safe".

Daga nan aka koma kan lokaci, inda na ga ɗaliban sun fi kokawa. A al'adar Sifaniya "buenos días" tana kaiwa har lokacin cin abincin rana, wajen ƙarfe biyu, alhali "good morning" tana ƙarewa da zarar sha biyu ta buga. Wani dattijo direba kuma ya nuna damuwa ƙwarai da jin cewa "you" ɗaya ce ga yaro da babba, shi da ya saba ware "usted" ta Sifaniyanci domin girmamawa. Malamin ya nuna masa cewa girmamawar tana nan, sai dai ta koma cikin "sir" da "madam" da zaɓin "good afternoon" maimakon "hi". A ganina wannan ne bayani mafi amfani a daren, domin mutumin da yake tsoron yi wa manya rashin kunya ba zai saki baki ya yi magana ba.

Washegari a kasuwa na ji Pichi, wani gaurayen Turanci da ya samo asali daga Krio na Saliyo, wanda ya kafu bayan da Turawan Ingila suka kafa garin Malabo a 1827 da sunan Port Clarence. Da yawa daga ɗaliban da shi suke ciniki, shi ya sa kalmomin ba baƙi ba ne a kunnensu, kuma malamin ya fi ɓata lokacinsa wajen koya musu wa ake gaida wa da kowace kalma, da kuma a wane lokaci.