Yadda katin Plickers ya nuna mini inda ɗalibaina ke tuntuɓe a lissafi

Ina koyar da lissafi a aji biyu na ƙaramar sakandare, kuma yawan yaran ya fi ƙarfin in bi littafin kowa da jan biro kullum. In na ce "Kun gane?" sai aji ya ɗauka baki ɗaya, "Eh, Malam!" Sai ranar gwajin C.A., wato gwajin da ake yi a cikin zango kafin jarrabawa, gaskiya ke fitowa, a lokacin kuwa mun riga mun wuce babin.

Manhajojin yi wa ɗalibai tambayoyi irin su Kahoot da Google Forms suna son kowane yaro ya riƙe waya, makarantarmu kuwa ta hana ɗalibai shigowa da ita. Shi ya sa na koma ga manhajar Plickers, wadda wayar malam kaɗai take buƙata. Ana buga katuna a takarda, kowanne da baƙin zane na daban da lambarsa, gefunansa huɗu ɗauke da A, B, C da D. Yaro zai juya harafin da ya zaɓa ya kalli sama, ya ɗaga katin, ni kuma in haska ajin da kyamarar waya. Nan take sai in ga wa ya zaɓi me. Haruffan ƙanana ne, na kusa da kai ba zai iya leƙa amsarka ba. Katunan ba su wuce 63 ba, don haka na haɗa wasu yaran bibbiyu a kan kati ɗaya. Kada a lulluɓe su da leda mai ƙyalli, hasken taga na hana kyamara karanta su.

Aikin da ya fi cin lokacina shi ne tsara amsoshin da ba daidai ba. Ga misali, 1/2 + 1/3. Na sa 5/6, wadda ita ce daidai, sannan 2/5, 2/6 da 1/6. Ba da ka na zaɓe su ba. Wanda ya ɗauki 2/5 ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Mai 2/6 ya gano cewa 6 ce za ta zauna a ƙasa, amma ya bar na sama yadda suke. Mai 1/6 kuwa ninkawa ya yi maimakon tarawa. Ciwo uku ke nan, kowanne da maganinsa, alhali a takardar gwaji duk sifiri ɗaya za su samu.

Da aka ɗaga katuna, 2/5 ce ta yi rinjaye, har da yaran benci na gaba da nake yi wa kallon gwanaye. Ban faɗi amsa ba. Na ce a raba naira 60: rabinta nawa? 30. Sulusinta fa? 20. An haɗa, 50. To kashi biyu cikin biyar na naira 60 fa? 24. Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ce, "Malam, ya za a yi a ƙara wa rabi wani abu kuma ya koma bai kai rabin ba?" Na bar su suka yi ta musu da juna na ɗan lokaci, sannan na ba su 1/2 + 1/4. Mafi yawansu suka ɗaga 3/4.

Ba na sa makin wannan a C.A. Da zarar yaro ya san za a rubuta masa maki, hankalinsa zai koma kan katin maƙwabcinsa, ni kuwa abin da ke cikin kansa nake nema. Tambaya biyu ko uku sun isa darasi guda. Ranar da intanet ta ƙi, ko cajin waya ya ƙare, nakan rubuta tambayar da amsoshinta huɗu a allo, yara su nuna da yatsu a ƙirjinsu: ɗaya A, biyu B, haka har huɗu.