Cigong a Tsakiyar Zafi: Inda Na Kai

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da zafi. Tunda rana ta buɗe na rage tsawon atisayena na cigong, wato motsa jiki na Sinawa da ake yi a hankali tare da sarrafa numfashi, na kuma mayar da shi bayan sallar asuba, kafin ƙasa ta ɗau zafi. Ba lalaci ba ne, haka tsarin yake tun asali.

A likitancin gargajiya na Sinawa, kowane lokaci na shekara yana da gaɓar da ake lura da ita. Lokacin zafi na wuta ne, gaɓarsa kuwa zuciya. Gumi ma ruwan zuciya suke ɗaukarsa, shi ya sa ake cewa a dakata da zarar goshi ya yi danshi, kada a kai ga jiƙa riga sharkaf. Tsohon littafinsu na likitanci, Huangdi Neijing, ya ce a wannan lokaci a yi daren kwanciya, a yi sammakon tashi, a guji fushi. Biyun farko na iya. Na ukun kam sai a hankali, musamman idan aka ɗauke wuta da tsakar dare.

Ku lura, zafinsu ba ya zuwa daidai da namu. A kalandarsu yana shiga ne wajen 5 ko 6 ga Mayu, ya tsananta daga tsakiyar Yuli zuwa Agusta, lokacin mu muna cikin damina. Tamu bazarar daga Maris ce zuwa Mayu. Ni dai abin da fata ta ji nake bi.

Motsi biyu na riƙe. Na farko shi ne na biyar a jerin motsi takwas na cigong da ake kira Baduanjin, wanda ake cewa yana sauke wutar zuciya: ka buɗe ƙafa, ka rage tsawo kamar mai hawan doki, hannu bisa cinya, ka karkata dama, ka kewayo da gangar jiki zuwa hagu, kai na biye. Cinyata ta daina rawa yanzu, amma idan na yi hanzarin juya wuya jiri yakan ɗebe ni. Ku sassauta a wurin nan, kuma kada gwiwa ta wuce yatsun ƙafa.

Na biyu ya fi shiga raina. Yana cikin sautuka shida na numfashi da Tao Hongjing, wani masanin magani na Sin wanda ya rasu a shekarar 536 miladiyya, ya rubuta, kuma suna cikin tsare-tsaren cigong huɗu da hukumar wasanni ta Sin ta daidaita a 2003. Sautin zuciya shi ne "he", daga maƙogwaro, kamar mai hura wa madubi iska zai goge. Ka ɗago tafuka zuwa ƙirji, ka haɗa bayan hannuwa yatsu na kallon ƙasa, ka sauke su zuwa cibiya kana fitar da sautin. Sau shida ake yi. Numfashina ya ƙara tsawo, sai dai kafaɗa har yanzu tana ɗagewa wajen shaƙa, ita zan sa gaba a mako mai zuwa.

Ban ɗauke shi maganin ciwon zuciya ko hawan jini ba. Mai wannan ya ga likita tukuna. Amma gargaɗinsu kan ruwan ƙanƙara bayan atisaye na karɓa, na koma ruwan randa. Wanda ya shawo kan kafaɗarsa a cikinku, ya taimaka ya faɗa mana yadda ya yi.