Agogon zafin da ya cinye min injin Hala

Ranar Asabar da hantsi na leƙa gidan ƙanwata a Tudun Wada, sai na tarar da ɗanta ya ɗaga bonet ɗin Corollar uwarsa, wuƙar yanka albasa a hannun dama, waya a hannun hagu, wani Bature yana ta zuba masa surutu. A kan batir ga ɗan kwali: agogon zafi mai jan lambobi, da sensa (ƙarfen da ke jin zafin ruwan inji ya kai wa agogon labari), da guntun bututun alminiyam. Tiyon lagireto na sama yake shirin datsewa. Na ce, "Kai, me nake gani haka?" Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Kawu, aikin minti goma ne."

Ni ma haka na faɗa wa uwargida shekara goma sha wani abu da suka wuce.

Honda Hala nake da ita lokacin, allurar zafin dashbod ta mutu. Rewaya ya faɗi kuɗin da na ga kamar raini ne, wata kuma ya yi nisa, ga kuɗin makarantar yara. Sai na gangara Sabon Gari na sayo agogo ɗan China da sensarsa mai waya ɗaya. Har gobe ban ga laifina a nan ba. Ba rowa ba ce, babu ce. Kuma mutumin da ya iya canja fulogi da fanbel, me zai gagare shi wajen ɗaura ƙusa guda?

Na kwance tsohuwar sensar daga jikin top silinda, na zura sabuwar. Ta yi zagaye biyu ta cije. Ashe haƙoransu ba ɗaya ba ne. Sensar kasuwa yawanci irin ta Amurka ce, haƙori 27 a inci guda, ramin motar Japan kuwa 28. Da ido ba za ka taɓa ganewa ba. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni farin tef ɗin masu gyaran famfo na ɗauko, na naɗa mata kamar rawanin ɗan sarki, na danne da sifana har gumi ya karyo min. Alminiyam ba ya gardama, sai ya ba da hanya.

Abu biyu na ɓata a take ban sani ba. Ramin ya fara zufar ruwa, kaɗan kaɗan, zafin inji na shanye shi kafin ya ɗiga ƙasa. Sannan sensa mai waya ɗaya ta jikin haƙoranta wuta ke komawa ƙarfen inji, ni kuma na lulluɓe su da tef. Wutar ba ta wucewa sosai, sai allura ta riƙa nuna ƙasa da gaskiya. Inji mai lafiya tsakanin digiri 85 zuwa 95 na zafi yake zama. Nawa agogon 70 yake nunawa, ni kuwa har alfahari nake yi a majalisa, wai motata sanyi gare ta kamar randa.

Cikin watan Afrilu, rana kamar ta fasa kai, na kama hanyar Kaduna. Kafin Jaji na ji wani wari mai ɗan zaƙi. Na dubi agogo, 70. Motar ta fara nauyi, ina taka totur tana ƙaƙaƙa. Na sake duba, sai na ga allura ma sauka take yi. Na ce alhamdu lillahi. Ashe ruwan ne ya ƙare, sensar tana rataye a iska, ba ta taɓa komai. Hancina ya gaya min, kunnena ya gaya min, na ƙaryata su saboda agogon da na ɗaura da hannuna. Gasket ya ƙone, top silinda ya lanƙwashe, man inji ya koma kalar shayi da madara. Kuɗin kwanon rufin ɗakina ne suka tafi. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Ko da yake, a yi adalci, mai shagon ma da ya ga dama da ya tambaye ni irin motata.

Na so in zaunar da yaron in jero masa darasi goma, amma yaran yanzu idan ka wuce jimla uku sun koma kan waya. Kuma wai allurar Corollar lafiyarta ƙalau, jan lambobin kawai yake so abokai su gani da dare a Kwangila.

To ku ji. Idan allurar motarku na aiki, ku bar ta. Idan ta mutu, ku nemi sensar da aka yi wa motar, ko ta Beljiyam ce. Sensa mai waya biyu da ke kai labari ƙwaƙwalwar mota kada wanda ya taɓa ta, da ita ake auna mai, a motoci da yawa ita ke tada fanka. In kun nace sai kun yanka tiyo, wutar lantarki ba ta bi ta jikin roba, sai an ja waya daga bututun zuwa jikin inji, kuma ku sani idan tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya yi zafi, ya maƙale a rufe, agogonku zai makara wajen faɗin gaskiya alhali inji na dahuwa. Kafin ɗaurawa a tsoma sensar a tafasasshen ruwa, in ba ta kusanci 100 ba a mayar wa mai ita.

Ku kai wa rewaya, shi ne magana. Amma fa kada ku ba shi mota ku tafi, don wanda na kai wa daga baya tamostat ya cire min ya jefar, wai ƙasarmu ba ta sanyi. Ku tsaya a kansa. Ko ma ku koyi yi da kanku, oho, ni dai na gaji.

Na karɓe wuƙar na miƙa wa uwarsa. Ina fita zaure na ji yana tambayar ƙaninsa ina aka ajiye reza.