Bakin hannun rigar da aka sa na warware

A makon jiya na miƙa makullin akwatin zare, na tattara alluraina da ƙaramin almakashina, bayan shekara huɗu ina yi wa ƙungiyar masu kwaikwayon tarihi surfani. Duk wanda ya zauna a wannan ɗakin ɗinki ya san yadda ranakunsa suke, saboda haka ba zan ɓata lokaci a kan awo da faci da guga ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne bakin hannun riga guda biyu da suka cinye mini mako goma sha ɗaya a shekarata ta biyu, daga ƙarshe kuma aka sa na warware su da hannuna.

An ba ni aikin ne domin shigar wadda za ta fito a matsayin Jane Seymour, mata ta uku ga Sarki Henry na Takwas na Ingila. Abin koyinmu shi ne hoton da Hans Holbein ya zana mata tsakanin 1536 da 1537, wanda yake ajiye a ƙasar Ostiriya. A wuyan hannunta akwai farin lilin mai tattara da aka yi wa ado da baƙin siliki, kuma mai zanen ya fito da adon dalla-dalla, har daga baya masu sana'ar suka laƙaba wa irin wannan ɗinki sunansa. Mu a ɗakinmu je-ka-dawo muke kiransa, domin haka ake yin sa: allura tana bin layi tana ɗinke zare biyu na saƙar yadin tana tsallake biyu, idan ta kai ƙarshe sai ta juyo ta cike guraben da ta bari. Idan aka yi shi daidai, ciki da waje duk ɗaya suke, ba ƙulli, ba zaren da ya gitta. Amfanin hakan a bayyane yake, tun da bakin hannu mai tattara yana kifewa yana buɗewa duk lokacin da mai rigar ta motsa, kowa yana ganin bayansa kamar yadda yake ganin gabansa.

Wahalarsa ita ce tsara hanya. Kafin ki soka allura sai kin san ta inda za ki shiga kowane reshe na adon da ta inda za ki fito, ba tare da kin bar wani lungu da ba za ki iya komawa ba. Na kwana uku ina zana hanyar a takarda mai ƙananan gidaje, ina gogewa ina sakewa, ga ranar wasa tana matsowa. Sai shugabar ɗakin ta tsaya a kaina ta ce: “Ke, wa zai ɗaga hannun sarauniya ya leƙa? Yi ɗinkin koma-baya kawai, ta gaba ai duk ɗaya ne.” Na ce: “Malama, bayan zai yi kauri fa.” Ta ce ta ji, in yi yadda ta ce.

Na yi. Ta gaba aikin ya fito tsaf, har yau ina jin cewa babu wanda ya yi layi mai tsabta irinsa a ɗakin. Ta baya kuwa zare ya hau zare, ya yi dunƙule a kusurwoyi, kuma da yake lilin ɗin shara-shara ne, inuwar baƙin silikin tana bayyana ta gaba idan haske ya bugi yadin. Ranar gwajin tufafi, mai duba sahihancin kaya ya kama hannun rigar, ya juya shi, ya ɗaga shi wajen taga. Bai ce komai ba na ɗan lokaci, sannan ya tambayi wa ya amince da wannan. A gaban mutum goma sha biyar Malama ta ce ita je-ka-dawo ta umarta, amma yaran yanzu gaggawa ta yi musu yawa. Na buɗe baki na rufe, domin ba ni da shaida ko ɗaya, a tsaye muka yi maganar, mu biyu kaɗai.

Warwarewar ta fi ɗinkin ciwo. Baƙin siliki yana barin ƙurar gashinsa a cikin ramukan allura, sai na riƙa bin kowane rami da hantsaki ina tsincewa a ƙarƙashin gilashin ƙara girma, kuma duk da haka wani toka-toka ya rage a yadin, dole aka yanko sabo. A lokacin ne na fahimci abin da na taɓa karantawa game da tsofaffin ayyukan da ke gidajen tarihi irin su Victoria da Albert na Landan, inda rinin baƙi mai haɗe da ƙarfe ya cinye silikin a tsawon ƙarnuka, ya bar ramukan allura kawai a jikin lilin. Yadi ba ya manta inda aka soke shi. Na sake aikin cikin mako shida, ina kaiwa tsakar dare, aka sa shi ranar wasa, kuma a takardar godiya sunan Malama ne ya fito a gefen rigar.

Laifina a ciki na san shi. Na san abin da hoton ya nuna, na san dalilin da ya sa mutanen ƙarni na 16 suka zaɓi wannan ɗinki, amma na bar gajiya da tsoron na gaba suka rinjaye ni, har ma na ji daɗi a ɓoye da aka sauƙaƙa mini. Tun daga ranar, duk umarnin da ya saɓa wa abin koyi sai na rubuta shi a littafin aiki da kwanan wata, na miƙa wa mai umarnin ya sa hannu. Malama ta kira wannan rashin yarda da mutane. Ba ta sake ba ni irin wannan umarni ba.

Sauran abubuwan ƙanana ne. Lilin yana tsukewa, a wanke shi kafin a yanka. Baƙin zare a jiƙa shi a danna a kan farin ƙyalle tukuna, domin gumin mai wasa a rana yana fito da rinin da bai kama ba. Zaren auduga mai sheƙi bai dace da rigar zamanin Tudor, wato gidan sarautar su Henry na Takwas, ba, tun da sai a 1844 John Mercer ya gano hanyar sarrafa audugar da ta kai ga irinsa, haka kuma launin shunayya mai ƙyalli, wanda rinin kimiyya na farko da ya samar da shi sai 1856 William Perkin ya haɗa shi. Idan baƙo ya ce Catherine ta Aragon, matar Henry na Takwas ta farko, ita ce ta kawo baƙin surfani Ingila daga Sifaniya, a gaya masa cikin ladabi cewa ana yin sa a Ingila tun kafin zuwanta a 1501.

Wadda ta gaje ni na bar mata takardun hanyoyin da na zana, guda ashirin da uku, kowace da kibiyoyin tafiya da jan biro, na dawowa da shuɗi. Yadin farko mai toka-tokan nan kuwa na ninke shi na sa a jakata, ba wanda ya tambaye ni inda yake.